Kumbon da Ya Zama Ɗakin Kwana

Wani abokina malamin makaranta, wanda muka tashi tare a wani ƙauye kusa da Managil a Jazirar Sudan, ya faɗa mini wata magana da har yau take ci mini tuwo a ƙwarya. Muna shan gahawar jabana bayan la'asar, hira ta gangaro kan abin da yara ke kallo a yanzu, sai ya ce shi bai ga asarar da aka yi ba don talabijin ya daina nuna su Girandaiza. Ƙaryar Japan ce, in ji shi, aka yi mata rigar Larabci aka ɗura wa 'ya'yan manoma. Gara musalsal ɗin Turkiyya, wato dogon wasan kwaikwayonsu, ko ba komai mutane ne ke auren mutane a ciki. Na san ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Na san kuma abin da za a ce da ni, wato kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To amma ba kewar ƙuruciya nake karewa ba. Wata hanya ce ta ba da labari, wadda ta iya abin da sauran ba su iya ba, kuma ta fice daga akwatin da talaka ke kallo ba tare da an yi mata ko sallama ba.

Tarihin ba shi da tsawo. A 1959 Rod Serling ya fara The Twilight Zone a Amurka, labari guda a zama guda, ya yi kashi 156 kafin a tsaya a 1964. BBC ta fara Doctor Who a 1963. Star Trek ya fito a 1966, aka kashe shi bayan shekara uku, ya dawo da sabon zubi a 1987 ya yi kashi 178 cikin shekara bakwai. Daga 1987 har 2005 ba a taɓa rasa wani reshe na Star Trek a talabijin ba. A 2005 aka rufe reshen Enterprise, layin ya yanke. Tashar da aka kafa a Amurka musamman domin irin waɗannan labarai ta sauya sunanta zuwa Syfy a 2009, ta cika jadawalinta da kokawa da shirin farautar fatalwa. Wannan shi ne nasu.

Namu ya bi ta wata hanya. An kunna talabijin a Umdurman a 1962, a farkon shekarun 1970 aka buɗe tashar Jazira a Wad Madani. Mu 'yan ƙauye a nadi, wato kulob ɗin ƙauye, muka san shi, akwati ɗaya mai hoto baƙi da fari, an ɗora shi a kan tebur, an jona masa batirin mota, manya a kan benci da angarib, mu a ƙasa gwiwa na gogar gwiwa. Abin da ya iso mana na labarin kimiyya bai zo daga Amurka kai tsaye ba. Daga Japan ya taso, ya ya da zango a Beirut da Kuwait aka sa masa muryar Larabci, sannan ya sauka a gabanmu. Larabawa suna ce wa fannin hayalul ilmi. A Hausa ana cewa ƙagaggen labarin kimiyya, kuma sunan ya wadatar.

Abokina ya ce ƙarya ce. To Gizo da Ƙoƙi gaskiya ne? Ruwan Bagaja gaskiya ne? Ba a nan gizo ke saƙar ba. Bambancin labarin kimiyya da tatsuniya shi ne bashi. A tatsuniya aljani zai gina fada a dare ɗaya, ba mai tambayar inda ya samo tubali, kuma ba laifi, haka dokarta take. A labarin kimiyya sau ɗaya ake ba marubuci rance. A ce masa, mun yarda duniya ta nutse, ko mun yarda akwai mutane a wata tauraruwa. Daga nan sai ya biya kowane abu da sababinsa: me suke ci, ina suke samun wuta, wa ke riƙe da mabuɗi, wa ke shan wahala don wani ya huta. Wanda ya ci gaba da cin bashi bayan na farko tatsuniya yake yi da kayan ƙarfe, kuma da yawa daga cikin finafinan jarumai masu tashi sama da ake yayi yanzu a nan suka tsaya.

Zan faɗi gaskiya, Girandaiza ba shi ne gwanina ba, ko da yake shi ne sunan da kowa ya riƙe. Go Nagai ya ƙirƙire shi, aka nuna shi a Japan daga 1975 zuwa 1977, kashi 74, kuma kusan kowane kashi zubinsa ɗaya: rundunar Fega ta turo dodon ƙarfe daga sansaninta na wata, a gwabza, a farfasa shi. Muryar Jihad al-Atrash da waƙar Sami Kilak su suka ɗaga shi sama da matsayinsa. Amma akwai wani abu a ƙarƙashin faɗan da ban gane nauyinsa ba sai da na girma. Jarumin ɗan gudun hijira ne. An ƙone ƙasarsa, ya tsero shi kaɗai, wani dattijo masani ya ɗauke shi ɗa, ya sauya suna daga Duk Filid zuwa Daisuki, yana aikin ƙarfi a wata gonar dawaki, maƙwabta ba su san ɗan sarki ba ne. Ka faɗa wa jikokin waɗanda suka taso daga ƙasar Sakkwato bayan yaƙin Burmi na 1903, suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin Shuɗin Nilu, ko jikokin alhazan ƙafa da guzuri ya ƙare musu suka tsaya cirar auduga, cewa wannan baƙon labari ne. Kakata ba ta jin Larabcin littafi da suke yi, amma ta taɓa tambayata, wannan yaron ba shi da kowa a nan ko? Ta fahimci abin da malamin makaranta bai fahimta ba.

Wanda nake so a zauna a kansa shi ne Adnan wa Lina. Hayao Miyazaki ya yi shi a 1978, kashi 26 kacal, ya ɗauko ƙashin bayansa daga wani littafi na Alexander Key, aka mayar da shi Larabci a Kuwait. Rancen da aka ba shi guda ɗaya ne: a shekarar 2008 an yi yaƙi da makaman da suka fi nukiliya, duniya ta karkace daga kan ƙafarta, nahiyoyi suka nutse. Wasu suka shiga kumbo za su tsere sama, kumbon ya faɗo a wani ɗan tsibiri. Shekara ashirin bayan haka ba wanda ya rage a tsibirin sai wani tsoho da wani yaro da aka haifa a wurin.

Dabarar da nake ƙauna tana cikin kashi na farko, tun kafin a yi wata doguwar magana. Yaron ya yi nutso yana farautar babban kifi, sai ga shi yana iyo a tsakanin gidajen sama da ruwa ya shanye, ciyawar teku ta lulluɓe tagogi. Bai tsaya ya dube su ba. A wurinsa maɓoyar kifi ce kawai. Ya fito ya nufi gida, sai mai kallo ya ga gidan: kumbon nan ne da ya faɗo, a kafe cikin ƙasa, tsirrai sun hau jikinsa, a cikinsa ake kwana, a gindinsa ake girki. Ba wanda ya juyo ya ce da mu, ku duba yadda girman kan ɗan Adam ya ƙare. Abin da kansa ya faɗa. Na'urar da aka ƙera don a guje wa ƙasa ta koma bukka a kan ƙasar.

Ina kiran wannan dabara ba da labari da tarkace. Marubucin ya ɗauki abu guda da mai kallo ya san aikinsa na asali, ya ba shi wani aikin daban a hannun wanda bai san asalin ba. Tazarar da ke tsakanin sanin mai kallo da rashin sanin yaron, a nan dukan tarihin yake kwance. Mai kallo ne ke cike gurbin da kansa, shi ya sa yake jin abin a ƙirji fiye da in an karanta masa. Kuma tana yin aiki biyu a lokaci guda. Tana sa ka baƙin ciki don abin da aka rasa, tana kuma nuna maka cewa yaron ba ya baƙin cikin komai, yana da ƙarfi, yana dariya, yana kama abu da yatsun ƙafarsa kamar biri. Ƙarshen duniyar wani, farkon duniyar wani ne. Wa'azi ba ya iya riƙe waɗannan biyun a jimla ɗaya. Hoton kumbo da tukunya a gindinsa ya riƙe su.

Miyazaki bai saki dabarar ba har ƙarshe. Da yaron, wato Adnan, ya bar tsibirinsa yana neman yarinya Lina, ya sauka inda ya haɗu da wani yaro Absi, sai muka tarar jirgin ruwan Kyaftin Namiƙ yana lodin tsohuwar roba da ake haƙowa daga juji. Me za a yi da ita? Sai da aka isa Ƙal'a, birnin masana'antu da ya rage, muka ga amsar: da ita ake yin burodi. Al'umma ce da ke cin sharar kakanninta. Ba ta shuka komai, ba ta ƙera sabon abu, tana tatsar gawar tsohuwar duniya ne tana kiran hakan ci gaba. A tsakiyar birnin ga wata doguwar hasumiya mai kusurwa uku da aka gina don ta karɓi ƙarfin rana daga tauraron ɗan Adam, amma tana tsaye kusan a mace, domin mutum ɗaya ne ya san yadda za a kira tauraron, wato Dakta Rami kakan Lina, shi kuwa ya gudu ya ɓuya don ya san abin da Allam, mai iko a Ƙal'a, zai yi da wutar in ya same ta. Duk gudu da kamu da ake yi cikin kashi 26, a kan wannan ne. Ba taska ake nema ba, ba sarauta ba. Mabuɗin wuta ake nema.

A nan ne nake ganin mu 'ya'yan Jazira mun fi yaran Tokyo fahimtar shirin. Mun tashi a ƙasar da ruwa ba ya zuwa don an yi hadari, sai don wani ya buɗe ƙofa. Daga madatsar Sinnar da aka gama a 1925 ruwa ke shiga babbar tur'a, wato magudanar ban ruwa, ya rarrabu zuwa ƙanana, ya faɗa abu ishirin, ya faɗa abu sitta, sannan ya isa hawasha, wato gonar manomi. A kowace mararraba akwai ƙofar ƙarfe, kowace ƙofa akwai mai gadinta, bisa mai gadi akwai mufattish, bisa mufattish akwai hedikwata a Barakat. Yaron da ya taɓa ganin ubansa ya tashi da tsakar dare da fitila saboda an ce yau ruwa zai iso layinsu, ba ya bukatar a yi masa bayanin dalilin da Allam ke farautar tsoho ɗaya. Kuma da aka nuna mana mutanen da ke zaune a ƙarƙashin Ƙal'a, waɗanda aka yi wa tambari a fuska don a san darajarsu, su ke aikin, wasu ke cin moriya, ba mu yi tambaya ba. Mun san kambo, matsugunin 'yan ƙwadago. Mun san wanda ke da hawasha da sunansa a takarda, mun san wanda ya shekara arba'in yana cire audugar hawashar ba shi da ko taku ɗaya a cikinta.

Akwai wani ɓangaren dabarar da ba a cika lura da shi ba, wato yadda shirin ke girmama aiki. In za a ɗago jirgin da ya nutse, sai an nuna maka igiya da ƙugiya da mai nutso da mai ba shi iska. In aka je Ardul Amal, ƙasar su Lina, sai ka ga alkama a gona, ka ga injin iska yana juyawa, ka ga masunta da maƙera, ka san daga ina burodinsu yake. Ba a ce maka kimiyya mugun abu ce, noma abin kirki ba. Masu faɗin haka ba su kalli shirin da kyau ba. Ardul Amal ma tana da injuna, tana da 'yan ta'addarta. Kuma wutar ranar nan da ake tsoro, da ta dawo na ɗan lokaci, da taimakonta aka shirya jirgin da ya kwashe mutanen Ƙal'a kafin birnin ya nutse. Tambayar shirin ita ce a hannun wa abu yake, kuma don wa. Wannan tambaya ce ta manya, an yi ta a gaban yara ba tare da an raina musu hankali ba.

To me ya kashe irin wannan a talabijin? Amsar da aka fi bayarwa ita ce tsada. Wai sai da kuɗi masu yawa ake gina kumbo da birnin gobe. Ban karɓi wannan ba. Doctor Who ya shekara 26 a zubinsa na farko da kayan kwali da roba, kuma yara a Ingila suna ɓuya bayan kujera don tsoro. Tsadar ta zo ne daga baya, da masu shiryawa suka sa wa kansu cewa dole kowane kashi ya yi kama da fim ɗin silima. Da kashi ya yi tsada sai aka rage yawansa, daga 26 a shekara zuwa goma ko takwas, sai kuma a shekara biyu ana jiran ci gaba. Da ya zama kaɗan sai aka daina labari guda a zama guda, aka koma dogon zare ɗaya mai ɗaure da asiri, wanda in ba a kai ƙarshensa ba duk abin da ka kalla ya tashi a banza. Kuma sau da yawa ba a kaiwa. Syfy ta yar da The Expanse a 2018 sai da Amazon ta tsince shi. HBO ta tsayar da Westworld a 2022. Netflix ta yanke 1899 bayan zango ɗaya, ta bar masu kallo da tambaya a baki. Tsada alama ce ta cutar, ba ita ce cutar ba.

Wasu kuma suna cewa zamani ne ya cim ma labarin, tunda ga waya a aljihun kowa, me ya rage a yi mafarkinsa? Wannan ta fi ta farko rauni. Abokin nan nawa da kansa, lokacin da layukan waya suka ɗauke a Sudan a watan Fabrairun 2024, ya bi layi ya biya kuɗin sa'a guda a gindin farantin Starlink don ya karɓi abin da ɗan'uwansa ya turo masa ta manhajar banki ta Bankak. Ya ji kukan jirgi marar matuƙi a sama da kansa. Yana zaune tsundum a cikin abin da ya kira ƙarya. Lokacin da inji ya shigo rayuwar mutum har ya zama shi ke yanke wa zai ci abinci yau, wa zai ji muryar uwarsa, a lokacin ne aka fi bukatar labarin da ke tambayar a hannun wa injin yake.

Abin da na gani da idona ya fi waɗannan sauƙi. Labarin kimiyya bai mutu ba, ƙaura ya yi daga inda ake kallo kyauta zuwa inda sai da katin banki da intanet mai ƙarfi. Ana yin sa har gobe, wani ma da kyau, amma ba ya biyowa ta ƙofar nadi. Da dish ya bazu a ƙauyuka sai tasha ɗaya ta zama ɗari, kowa ya kama tasa. Spacetoon, wadda ta fara a 2000, ta riƙe wa yara wani abu na ɗan lokaci, har ta raba shirye-shiryenta da sunayen duniyoyi. Amma ta killace fannin a ɗakin yara. A da, da yake akwati ɗaya ne, dole baba ya kalli abin da ɗansa ke kallo yana jiran labarai, kaka ma ta saka baki. A 2008 MBC ta sako Nur da muryar Shamawa, daga nan musalsal ɗin Turkiyya ya mamaye dare, na Indiya ya bi bayansa. Mai tasha ya gano cewa kishiya da gado da ɓataccen ɗa suna riƙe mai kallo kashi ɗari da hamsin ba tare da an ƙirƙiro sabuwar duniya ko sau ɗaya ba. Ba na zagin musalsal. Ina cewa dai duk tsawonsa tambaya ɗaya yake yi, wa zai samu wa, kuma duniyar da ke cikinsa a daskare take, yadda aka same ta haka za a bar ta. Masar ta gwada labarin kimiyya da An-Nihaya a azumin 2020, aka yi ta magana a kansa, amma tsuntsu ɗaya ba ya zama garke.

Ga wanda har yanzu yake riƙe da hujjar tsada, akwai wani kashi na The Twilight Zone na 1960 da na kalla a waya shekarun baya. Unguwa ɗaya ce, layi ɗaya. Wani haske ya wuce ta sama, wuta ta ɗauke, motoci suka ƙi tashi. Wani yaro ya ce ya karanta cewa baƙi daga sama sukan turo nasu su zauna cikin mutane da siffar mutane. Shi ke nan. Motar wani ta tashi da kanta, aka zuba masa ido. Aka tuna shi ba ya barci da dare, yana kallon sama. Kafin gari ya waye maƙwabci ya harbe maƙwabci. A ƙarshe aka nuna baƙin a kan tudu, ba abin da suka yi illa wasa da wutar lantarki. Minti ashirin da biyar, titi ɗaya, 'yan wasa kaɗan. Na kalle shi ne bayan abin da ya faru a jihar Shuɗin Nilu a 2022, lokacin da mutanen da suka shekara da shekaru suna cin kasuwa ɗaya suka wayi gari ana tambayar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, aka kashe ɗaruruwa, dubbai suka bar gidajensu. Na daɗe ban ce komai ba bayan ya ƙare. Duk wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar sakandare a Managil za ta iya shirya irinsa da janareta ɗaya.

Kada kuma a ce fannin baƙo ne a Hausa. A 1969, shekarar da aka taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da wani baƙo daga sama ya ɗauke shi yawo cikin sararin samaniya. An buɗe ƙofar tun lokacin, masu shiga ne suka yi ƙaranci. Larabci ya samu Nihad Sharif da Mustafa Mahmud, daga baya Nabil Faruƙ ya cika jakunkunan 'yan makaranta da Malaffil Mustaƙbal tun daga 1984, har mu nan mun karanta su a aro. Hausa ta samu adabin kasuwar Kano da Kannywood, masu albarka ta wasu fuskoki, amma suka zauna a kan soyayya da zaman aure. Abin da ke ba ni fata shi ne Arewa24, tun da aka buɗe ta a 2014, ta nuna marubutanmu sun iya ƙirƙirar wuri. Daɗin Kowa gari ne da babu shi a taswira. Alfawa ta Kwana Casa'in jiha ce da babu ita. Wanda ya iya ƙago wuri ya zauna a ciki shekaru yana bin sababi, taku ɗaya ya rage masa ya ƙago lokaci. Masu kallo kuwa a shirye suke: duk wanda ya ga yadda matasa ke rububin fassarar Hausa ta finafinan Indiya masu mutum-mutumin inji ya san ba ƙin abin ake yi ba.

Ga inda nake son kai maganar tun farko. In za a yi labarin kimiyya da Hausa wanda ba kwaikwayon kowa ba, a nan Jazira ya kamata a yi shi, kuma da dabarar tarkace. Wannan ƙasa ita kanta mafarkin injiniyoyi ce. Wasu mutane suka zauna da taswira da ma'auni suka ce za su mayar da fili mai faɗin da ido ba ya kaiwa ƙarshensa ya zama inji ɗaya mai fitar da auduga domin masaƙun Lankasha. Suka ja layuka a miƙe, suka ba gonaki lambobi. A ƙarshen shekarun 1950 aka faɗaɗa shi zuwa Managil, aka gina madatsar Rusairis a 1966, gaba ɗaya ya kai kimanin fadan miliyan 2. Aka kira mutane daga yamma mai nisa su zama hannuwan injin. Wannan shi ne rancen farko, kuma ba marubuci ne ya ci shi ba, tarihi ne. Sauran duk biyan bashi ne, muna cikinsa har yau.

Tarkacen kuwa ga su nan a zube, ba sai an gina ba. Ƙaramin jirgin ƙasan Jazira da ke jan auduga zuwa injinan gurza na Maringan da Hasahisa ya tsaya, an kwashe ƙarafunansa, saura tudun da ya bi. Gidajen mufattishai masu baranda sun zama kango. Tur'o'i sun cika da laka da ciyawa. Bayan dokar 2005 manomi ya samu 'yancin shuka abin da ya so, ya kuma samu kansa shi kaɗai da ƙofar ruwan da ba mai gyara ta. Yanzu ga farantan hasken rana suna tsirowa a bakin rijiyoyi, ga yaƙin da ya shiga Madani a Disambar 2023 ya bar nasa ƙarafunan a gefen hanya. Yaron da aka haifa a kambo bana zai girma yana wasa a kan abubuwan da bai san me aka yi su domin shi ba, daidai da Adnan a cikin gidajen da ruwa ya ci.

Na ga irinsa tun kafin yaƙi. A wani ƙauye da ke kan hanyarmu ta zuwa Managil akwai wata tsohuwa Bahaushiya da ke suyar ƙosai, murhunta an yi shi da wasu gajerun ƙarafa guda biyu masu kauri, an jera su a kan duwatsu. Na tsuguna ina jiran ta kwashe mini, sai na lura da siffarsu, faɗi a ƙasa, siriri a tsakiya, kai a mulmule. Guntayen layin dogo ne. Jikarta, yarinya 'yar shekara bakwai ko takwas, tana tura kara a wuta. Na ce, 'yan mata, kin san ko wannan ƙarfen mene ne? Ta dube ni, ta dubi ƙarfen, ta ce na kaskon Iya ne. Tsohuwar ta yi murmushi ta ce, ɗana, a kansa aka kawo mu nan ni da mahaifin uwarta, muna zaune bisa buhunan auduga. Ta juya ƙosan, ta ce da yarinyar ta ƙara wuta.